Jar Fedar Ilatu

Ilatu ya sake kawo mini fedar nan da hantsi, naɗe cikin tsohon rawani, ya ajiye ta a kan tabarmata kusa da zugazugi.

"Ta mutu," ya ce. "Attafok, wannan karon da gaske ta mutu. Na taka, na taka, sai wani ɗan nishi take yi can ƙasa."

Da ƙarfi ya faɗa, har awakin maƙwabta suka ɗago kai. Ilatu fa! Mutumin da a da sai ka matsa kusa da amawalinsa kafin ka ji abin da yake cewa. Na nuna masa wurin zama, na ɗora shayi, na warware rawanin.

Fedar ƴar akwatin ƙarfe ce da ba ta fi tafin hannu ba. Tsakanin jita da lasifika ake sa ta, mai kiɗa ya taka da ƙafa, sai muryar jitar ta yi kauri, ta yi gurnani. Ta Ilatu ja ce, ko in ce a da ja ce, don yanzu a gefe kawai fentin ya rage. Mamurɗi uku gare ta, na ƙarfin murya, na kaushi, da na kaifi. Duka na same su a murɗe har ƙarshe, na kaifin ma ya fara tsagewa don tsabar ƙarfin hannu.

Na kwance bayanta duk da na san abin da zan gani. Wayoyi lafiya, dalmar da na liƙa bara tana nan daram. Tun damina yake kawo ta, ina ce masa ban ga komai ba, shi kuma ya ce idona ne ya tsufa, in koma ƙirar cokali. Lafiyar feda ƙalau. Kunnen Ilatu ne yake tafiya, kuma duk Iferwan an sani, sai dai ba wanda ya faɗa masa.

Wasan ƙarshe da ya yi na sunan jikan Ahmudu ne, a bayan kasuwa. Ya Allah! Yana taka fedar nan lasifika ta ƙwala wata ƙara mai shiga haƙori, jarirai suka fashe da kuka, raƙumin wani baƙo ya tsinke dabaibayi. Mata suka cusa yatsu a kunne ta ƙarƙashin mayafi suna ta murmushi. Shi kuwa ido rufe yana kaɗa kai, don a kunnensa muryar da ya sani ce take zuwa, ƴar siririya daga nesa. Da ya gama, maza suka riƙa zuwa suna kama hannunsa. "Madalla, Ilatu, hannu yana nan." Tun daga ranar duk mai biki sai ya aika Agadas a zo masa da samarin makaɗa.

Abin da ya sa ban kore shi da fedarsa ba a wannan hantsin, ƙanwarsa Tekna ta riga shi zuwa. Jiya da la'asar ta shigo, wai ta kawo gyaran awarwaro. Awarwaron lafiyarsa lau. Ta zauna tana juya shi a hannu har na gaji na ce ta faɗi abin da ya kawo ta, wutata tana mutuwa.

Bikin ƴarta Tamumun ya matso. Uban yarinyar ya rasu tun tana goye, a gaban Ilatu ta tashi, kuma tun tana ƙarama ya yi mata alkawari shi zai kaɗa mata ran aurenta.

"Ta kafe," in ji Tekna. "Ta ce ko Kawu ya yi kiɗa, ko a yi bikin shiru. Dangin ango kuma daga Timiya za su zo, ka san bakinsu. Su koma gida suna kwaikwayon Yaya a gindin dabino? Ka ce masa abin nan ya lalace, ba ya gyaruwa."

"Sai ya ari ta wani ya murɗe ta haka nan. Ba feda ce ke ciwo ba, Tekna."

"To ka faɗa masa gaskiya."

"Ni? Ke da kuka fito ciki ɗaya fa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba, Attafok. In dubi idon Yaya in ce masa ya kurumce? Gara in bar garin. Kai ne maƙerinmu."

Ka ji fa! Haka iyayen gijinmu suke tun kakanni. Mu ke ƙera musu takobi da zobe, mu yanka musu sa ran biki, sannan duk maganar da ta yi musu nauyi a baki mu ake ɗora wa. Wai maƙeri ba shi da kunya. Ni na kai wa uban Tekna maganar aurenta, ni na je biko sau nawa a dangin nan, na faɗa wa manya abin da ko matansu ba su iya faɗa musu. Ban taɓa jin ɗar ba. Amma wannan saƙon ya yi mini nauyi, don Ilatu ba ubangida kawai ba ne a wurina.

Saboda haka na maida bayan fedar na ɗaure, na miƙa masa kofin shayi, na matsa kusa da kunnensa na hagu mai ɗan sauran rai.

"Ka bar ta a nan! Gobe da safe ka zo da jita, mu tafi kwari mu gwada ta!"

"Kwari? Me ya hana nan?"

"Ƙura!" na ce. Abin da ya zo mini baki ke nan.

Ya dube ni, ya dubi rumfata da ba ta taɓa rabuwa da ƙura ba, ya shanye shayinsa ya tafi.

Ranar ban yi wani aikin kirki ba. Na ɗora fedar a kan uwar maƙera ina ta kallonta. Ni na san ranar da ta shigo hannunmu. A Tamanrasat ne, muna samari, shekarun da fari ya cinye dabbobi ya watsa mu arewa neman aiki. Da rana mu ɗauki bulo, da yamma mu cushe a ɗaki ɗaya mu da ƴan uwa da yawa, a gasa gurasa a toka a raba. Ilatu yana da wata jita ta lantarki da ya saya hannu na uku, muryarta fes amma ba ta da nauyi. Sai wani direban babbar mota ya zo da jan abin nan, bai ma san amfaninsa ba, ya ɗauka kayan rediyo ne. Da zoben azurfa aka yi musaya, zoben kuma ni na ƙera shi. Don haka har gobe rabin fedar nan tawa ce, ko da yake Ilatu bai taɓa yarda ba.

Wata Juma'a da la'asar muka fita bayan gari da batirin mota a kan amalanke. Na haɗa wayoyi ina addu'a kada abin ya kama wuta. Ilatu ya ɗan murɗa nan, ya ɗan murɗa can, ya taka. Wallahi har yanzu in na tuna tsigar jikina tana tashi. Murya ce mai ɗumi, da ɗan kaushi a ƙasanta, irin ta dattijon da ya daɗe bai yi magana ba. Ya ja waya ɗaya, sautin ya ƙi mutuwa, ya yi ta tafiya. Ƙarti masu ɗaukar bulo, waɗanda rabonsu da gida an daɗe, sai ga su suna jan amawali har ƙarƙashin ido. Ni ke riƙe da rikoda, ina ɗauka a kaset.

Kaset ɗin nan ya riga mu dawowa gida. Hannu zuwa hannu, mota zuwa mota, wannan ya kwafa ya ba wancan. Ran da muka sauka Iferwan, ƴan mata a bakin rijiya suna rera waƙoƙin Ilatu, ba su san mai su ne ya wuce da buhu a kafaɗa ba. Daga nan ba bikin da ake yi ba da shi ba. Samari kan zo su tsugunna su leƙa inda ya tsayar da mamurɗan, su koma su murɗe nasu har ƙarshe, shi kuma ya yi musu dariya. "Kaushi gishiri ne," yakan ce, "tsunkule ɗaya." Mai wannan magana shi ne yau yake juye buhun gaba ɗaya.

Da safe muka hau babur, jita a bayan Ilatu, ƙaramar lasifika da batir a ɗaure tsakaninmu. Dalilin kwari ba ƙura ba ce. Maganar sirri ce, mai ita kuma ba ya jin raɗa. In na faɗa masa a rumfata yadda zai ji, to har mai sayar da tumatir a kasuwa ya ji. Na yi ta tafiya sai da gonakin ƙarshe suka ɓace, na tsaya a gindin wata farar ƙaya tsakanin duwatsu.

Na haɗa masa komai yadda ya bar shi. Ya gyara zama, ya taka. Kai! Tsuntsayen da ke kan ƙayar suka tashi gaba ɗaya. Na daure na ɗan lokaci, sannan na tsugunna na fara mayar da mamurɗan baya. Ya buge mini hannu.

"Ka gani? Ka kashe ta!"

"Lafiyarta ƙalau!"

"Na'am?"

Na miƙe, na cika ƙirji. "Lafiyarta ƙalau, Ilatu! Kunnenka ne! Ba ka ji! Ka kurumce!"

Duwatsun nan marasa mutunci suka maimaita mini ita. Na so a ce ƙasa ta buɗe in shige.

Ya ɗauke ƙafa daga kan fedar, ya sa hannu ya ja amawali sama har sai idanu kawai suka rage. Na tattara ƙirare na hura wuta, na ɗora buta, don hannuna ya sami abin yi. Sai da shayi ya tafasa ya yi magana, wannan karon a hankali, da muryarsa ta da.

"Na san wani abu ya ragu. Da safe ina ganin mata suna daka, taɓarya na hawa na sauka, shiru. Na ce turmin zamani ne, ba shi da ƙarfi." Ya ɗan yi dariya cikin rawani. "Amma fedar nan, in na murɗa, ina jin ta. Na ɗauka yadda take zuwa mini haka take zuwa muku."

Na koma gefensa na hagu na zauna.

"Ran sunan gidan Ahmudu," ya ce, "dariya aka yi mini?"

An aiko ni faɗin gaskiya, ba zan faɗi rabi ba. "Da dariya ce da sauƙi! Tausayinka aka ji!"

"Suka zo suna kama hannuna."

"Sun kama!"

"Har da kai."

"Ni ban kama ba, raƙumi na tafi kamowa!"

Bai yi dariya ba. Ya zare igiyar jitar daga wuya, ya kwantar da ita a kan yashi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. "Ka gaya wa Tekna ta aika Agadas."

Nan raina ya ɓaci. Ni haka nake, in tausayi ya yi mini yawa faɗa yake zama. "Ni jakinku ne? Ita ta ɗoro mini kaya zuwa gare ka, kai ka ɗoro mini zuwa gare ta! Yarinya ta ce ko kai ko a yi bikin shiru! Ka je ka faɗa mata da bakinka, in ka isa!"

"Da me zan kaɗa, maƙeri?"

"Da hannu ake kaɗawa, a garinku da kunne ake yi? Hannunka bai manta komai ba! Kunne kuma ga nawa, na ba ka aro! Wa ya riƙe rikoda tun farko? Muryar abin nan tana cikin kaina, ko daga barci aka tashe ni na san ta!"

Ya dube ni. "Aron maƙeri," ya ce, "ƙarshe sai ka ce rabin waƙar taka ce."

"Da ma tawa ce!"

Ya ɗauki jitar ya kakkaɓe mata yashi.

Muka fara da gyaran wayoyi. Yana murɗa su ina ɗaga yatsa sama ko ƙasa, in ta zauna in dunƙule hannu. Sannan na ce ya kama waƙar rijiya, wadda ya yi a Tamanrasat kan rijiyar da suka bari a baya, ya yi ta maimaita farkonta kada ya tsaya. Na tsugunna gaban fedar. Na mayar da ƙarfi zuwa rabi. Na ja kaifi baya, na ji har yanzu yana yanka, na ƙara ja har zafin ya fita. Kaushi kuwa na kashe shi gaba ɗaya, sannan na riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan, ina ja da baya in saurara daga nesa, in dawo in taɓa. In na wuce, wayoyin su cakuɗe su zama kunu. In na kasa, jitar ta fito tsirara. Rana ta hau, inuwar ƙayar ta gudu ta bar mu, ina ta kai da kawo.

Na kusa, amma ba ita ba ce. Muryar ta yi tauri, ta cika ƙuruciya. Ilatu yana karanta fuskata.

"Ba ta zo ba?"

Na girgiza kai. Na kwance bayan fedar na ciro ɗan batirinta mai kusurwa huɗu, na ɗora a harshe kamar yadda muke yi. Ya cije ni har na tofar da yawu. Sabo fil! Ashe duk sanda ya ji muryar ta yi nisa sai ya sayo sabon batir. Sai na tuna. Mu a zamaninmu ina muka ga sabon batir? Ɗaya muke samu mu yi ta lallaɓa shi, mu shanya shi a rana, mu ɗumama shi kusa da garwashin shayi, har sai ya ce ga garinku. Muryar da duk ƙasar nan ta sani, ta gajiyayyen batir ce.

Na zazzage jakata a kan yashi. Can cikin sukurori da guntayen waya na sami wani tsoho da na cire daga rediyon wani. Na ɗanɗana, ɗan tsami kawai ya yi mini a harshe. Na sa shi, na ɗaure, na yi wa Ilatu alama.

Ya taka.

Ita ce. Ɗumin nan, da ɗan karyewar nan a ƙarshen sauti. Na ji ƙamshin siminti da gurasar toka, na ga fuskokin mutanen da rabinsu yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Tsofai-tsofai da ni, a tsugunne gaban akwatin ƙarfe, hawaye yana jiƙa mini rawani.

Ilatu bai daina kaɗawa ba. "Kuka kake, baƙin maƙeri?"

Na gyaɗa kai.

"To ta zo ke nan."

Na matsa kunnensa. "Kai me kake ji?"

"Katakon yana motsi a cikina," ya ce. "Shi ke nan."

Ya gwada ɗora waƙar da baki. Murya tana nan, amma ta ɓace hanya, tana gabas jita tana yamma. Bai jira na faɗa ba, fuskata ta gaya masa. Muka shirya kiɗa kawai zai yi, ba waƙa. Na ciro kakin zuman da nake zubin azurfa da shi, na narka a murfin buta, na zuba kewaye da mamurɗan nan har suka daskare inda na tsayar da su.

"Ɗaure mini ita ka yi?"

"Na san hannunka!"

Ran biki da la'asar sakaliya aka shimfiɗa tabarmi a filin yashi gaban gidan Tekna. Mata suka zauna gefe ɗaya cikin baƙin turkuɗi, maza suka yi da'ira, mutanen Timiya a gaba sun sha rawani suna baza ido. Bukkar amarya tana can gefe, ƙofa a rufe. Amarya ba ta fitowa, ba ta magana, sai dai ta ji abin da ake yi daga ciki. Ni tun safe nake yanka da rabon nama, na wanke hannu na zo na haɗa wayoyi, na zauna inda Ilatu zai riƙa ganina. Tekna tana tsaye bakin zana, kana ganinta ka san ba ta ci komai ba ranar.

Da Ilatu ya miƙe da jita, na ga hannayen matan garinmu suna sulalewa ƙarƙashin mayafi tun kafin a fara. Shi ma ya gani. Ya kafa ido a hannun mai ganga, ya ƙirga da kai, ya taka.

Na ga hannayen nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da ke jikin zana ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, Ilatu ya dawo!" ta rangaɗa guɗa. Tafi ya tashi. Samarin Timiya suka faɗa fili suna juyi, riguna na tashi, dattawansu da suka san kaset ɗin tun suna yara suna duban juna suna kaɗa kai. Shi kuwa ba ya rufe ido kamar da. Idonsa yana kan tafin mata, daga nan yake ɗaukar lokaci, jefi-jefi ya dube ni in dunƙule masa hannu.

Wajen waƙa ta uku na ga abin da nake tsoro. Fili ya ɗauki zafi, kowa yana cikin abin da hannunsa ke yi, shi kaɗai aka bari a waje. Ya sunkuya yana kaɗawa, ya saki hannun dama ya kai kan fedar. Na ga farcensa ya shiga gefen kakin. Kaki ne fa, ba dalma ba, yaro ma zai ɓamɓare shi. Murɗa ɗaya kawai zai yi, ya ji kiɗansa a bikin ƴarsa. Wallahi ban ga laifinsa ba, kuma ban motsa ba. Ya daɗe a haka, mai ganga yana ta riƙe masa wuri. Sai ya ɗago kai ya dubi bukkar amarya, ya zare hannu, ya miƙe.

Ya kama waƙar rijiya.

Ita a hankali take tafiya. Masu rawa suka ja da baya suka zauna. Jita ta yi gabatarwarta, ta zo inda murya take shiga, ba murya. Ilatu ya zagaya ya sake kawo ta wurin, wurin yana nan a buɗe. Kowa ya san baitin, amma ba wanda zai shiga gaban mai waƙa a waƙarsa. A zagaye na uku sai muka ji an ɗauka, murya siririya mai ɗan rawa, daga cikin bukkar amarya.

Tamumun ce. Amarya, ranar aurenta, dangin miji zaune! Tekna ta dafe baki da hannu biyu. Tafi ya tsaya cak, duk kawuna suka juya wajen bukka, har mai ganga ya saki hannu.

Ilatu bai ga komai ba sai tafi ya mutu, mutane sun juya masa ƙeya. Ya dafe wayoyin da tafin hannu, jita ta yi shiru, ya rage muryar yarinyar kawai a filin.

"Na ɓata?" ya ce da ƙarfi, yana nemana da ido. "Attafok, na ɓata ne?"

Na taso da gudu na kama kafaɗarsa, na nuna masa bukkar, na sa baki a kunnensa. "Ba ka ɓata ba. Tamumun ce. Ita ke yin waƙar."

"Tamumun?"

"Ita."

Ya dubi bukkar. Tabarmi ne kawai da igiya, ba abin da ke motsi. Ya karkata kunnen hagu wajen, ya tsaya da numfashi, ya saurara iya ƙarfinsa. Na ga lokacin da ya haƙura.

"Tana yi har yanzu?"

"Tana yi."

"Ita kaɗai?"

Na gyaɗa kai. Muryar ta fara rawa sosai, ta ji an bar ta, amma ba ta tsaya ba.

"Haba," ya ce, "a bar yarinya ita kaɗai a gaban baƙi?" Ya gyara igiyar jita a wuya. "Tsaya bayana. Duk inda ta sa ƙafa, ka buga mini."

Na koma bayansa na ɗora hannu a kafaɗarsa. Na saurari yarinyar, na fara buga masa tafiyarta da yatsu, in ta ja in danna, in ta saki in ɗaga. Ya shiga ƙarƙashin muryarta a hankali, bai taka mata ko baiti ɗaya ba. Da ta ji shi sai rawar muryar ta tafi. Mata suka ɗauki amshi, na Timiya ma da su, Tekna tana kuka tana tafi.

A tsakiyar baiti na ƙarshe ya ɗan juyo da kai, hannunsa bai tsaya ba.

"Muryarta da daɗi?"

Na matse kafaɗar da ƙarfi, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da bin ta har ta kai ƙarshe.